Faɗuwar Rana a Mashigin Asekrem

  

Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa yau wani mashigin dutse ne a tsakiyar hamadar Sahara, a kudancin ƙasar Aljeriya, wanda ake kira Asekrem. Abin da ya sa sunansa ya kewaya duniya shi ne, mutane sukan taso daga ƙasashe masu nisa, su kashe kuɗi masu yawa, su sha wuyar hanya, domin kawai su tsaya a kansa su kalli faɗuwar rana, su kwana, da asuba kuma su kalli fitowarta. Na san a cikinku ba za a rasa wanda zai ce a ransa, yau ga aikin marasa aikin yi, wace rana ce ba ta faɗuwa a garinmu? Wannan tambaya tana kan hanya, domin a wurin Bahaushe faɗuwar rana lokaci ne na alwala, da shigar da dabbobi, da kiran yara su dawo gida saboda almuru. Zan yi ƙoƙarin amsa ta.

Amma manufar laccar ta wuce nan. Duniya ta san wannan wuri ne da sunan wani baƙo guda wanda zamansa a kan tudun bai wuce wata biyar ba, alhali kuwa masu ƙasar sun yi ɗaruruwan shekaru suna bi ta mashigin da raƙumansu da awakinsu. Dalili kuwa shi ne baƙon ya rubuta, ya adana, aka buga. Abin da nake so mu fita da shi daga zauren nan ke nan: wanda ya rubuta labarin wuri, shi duniya takan ɗauka mai wurin. Kafin mu kai can, sai mu fara sanin inda wurin yake, da yadda duwatsunsa suka samu, da abin da ke sa ranarsa ta yi ja.

Inda wurin yake

Idan mutum ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram, ya wuce Agadas da Arlit, ya tsallaka iyaka a Asamaka ya shiga In Gezzam ta Aljeriya, to saura kimanin kilomita 400 ya isa birnin Tamanrasat. Wannan ita ce hanyar da ta ratsa Sahara, wadda aka tsara ta haɗa Legas da birnin Aljiyas, mai tsawon kusan kilomita 4,500. Tamanrasat kuwa tana gindin duwatsun Ahaggar, waɗanda Larabawa da Faransawa suke kira Hoggar, kuma ita kanta tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,400 daga bakin teku.

Daga Tamanrasat zuwa Asekrem kimanin kilomita 80 ne ta wajen arewa, amma hanyar duk tsakuwa ce da hawa da gangara, sai mota mai ƙarfi, kuma takan ci sa'a uku ko fiye. Ƙarshenta shi ne mashigin, watau wata ƙofa tsakanin tuddai biyu inda matafiyi yake iya ƙetarawa daga wannan kwari zuwa wancan. Faransawa suna kiran irin wannan wuri wuyan dutse. A nan motoci suke tsayawa, akwai kuma masaukin baƙi. Daga nan sai a bi wata siririyar hanya a ƙafa, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba, a hau kan tudun kansa, wanda samansa a shimfiɗe yake kamar faifai, tsayinsa kuwa ya haura mita 2,700.

Wanda ya kai can ya duba yamma zai hango Tahat, dutsen da ya fi kowane tsayi a Aljeriya, mai kimanin mita 2,900, da kuma Ilaman mai tsinin kai. Idan ya juya gabas zai ga jerin duwatsun Tezuyag a tsaye kamar rumbuna da hasumiyoyi. Su ne suke rinewa ja da yamma, ta bayansu kuma rana take ɓullowa da safe.

Kada wani ya ji an ce hamada ya zaci zafi ne kullum. Iska takan ƙara sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a kowane kilomita ɗaya da mutum ya hau. Saboda haka da hunturu ruwa yakan daskare a Asekrem da dare, wata shekarar ma har ƙanƙara takan rufe duwatsun. Ruwan saman da Tamanrasat take samu a shekara kimanin milimita 50 ne, abin da Kano takan samu a dare ɗaya cikin watan Agusta. Na Asekrem ya ninka wannan, shi ya sa ake samun ciyawa a kwaruruka, da wani irin zaitun na daji wanda ya saura tun zamanin da Sahara take da dausayi.

Yadda duwatsun suka samu

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa gindin Ahaggar tsohon dutse ne ƙwarai, yana cikin mafiya daɗewa a Afirka. Daga baya, cikin shekaru miliyoyi da suka wuce, ƙasar wurin ta kumbura ta tsattsage, narkakken dutse ya yi ta fitowa daga ciki. Wannan yanki na aman wuta shi masu ƙasar suke kira Atakor, Asekrem kuwa yana tsakiyarsa.

Narkakken dutsen iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa kamar kunu, wanda ya malala ya rufe fili, ya bushe ya zama baƙin dutsen da ake takawa a kan tuddai. Akwai kuma mai kauri kamar tuwo, wanda bai iya malala ba, sai ya toshe maƙogwaron da ya fito ta ciki ya sandare a nan. Da zamani ya yi tsawo, ruwa da iska da sanyin dare da zafin rana suka zaizaye toka da ɓurɓushin da ke kewaye, suka bar sandararren abin da ke cikin maƙogwaron a tsaye. Waɗannan su ne hasumiyoyin da ake zuwa kallo. Idan aka matso kusa da su za a ga jikinsu a tsattsage daga sama zuwa ƙasa kamar an jera azara, domin haka narkakken dutse yake tsagewa sa'ad da yake hucewa a hankali. Wannan tsagi shi yake kama hasken yamma, wani gefe ya yi ja, wani ya yi inuwa.

Abin da ke sa rana ta yi ja

Yanzu sai mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Hasken rana da muke gani fari, a haƙiƙa gamin launukan bakan gizo ne. Kowane launi yana tafiya kamar igiyar ruwa, shuɗi yana da gajeren taku, ja kuwa yana da dogo. A 1871 wani masani ɗan Ingila, wanda aka fi sani da Lord Rayleigh, ya bayyana cewa ƙwayoyin iska sun fi warwatsa haske mai gajeren taku, har ma sukan warwatsa shuɗi kusan ninki biyar na yadda suke warwatsa ja. Shi ya sa da rana tsaka sararin sama yake shuɗi. Da yamma kuwa, sa'ad da rana ta sunkuya, haskenta yana ratsa iska mai kaurin da ya kusa ninki 40 na wadda yake ratsawa da tsakar rana. Kafin ya iso ga idonmu an tace shuɗin a hanya, sai ja da ruwan goro suka saura.

To, idan haka ne ko'ina, me ya bambanta Asekrem? Abu na farko tsabtar iska. Mu nan mun san yadda rana take yi da hunturu: ƙurar da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan cika sama, rana ta koma fara fat kamar faranti, ta ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba. Ƙura mai yawa dushe launi take yi. Da hunturu kuwa wannan ƙura takan tsaya ƙasa-ƙasa, shi kuma wanda ke kan Asekrem ya bar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin iskar duniya a ƙarƙashin ƙafarsa, ga shi babu laima a iskar da ta saura. Da bazara labari yakan sake, domin zafi yana ɗaga ƙurar sama da kan duwatsun, shi ya sa baƙi suka fi zuwa lokacin sanyi. Abu na biyu shi ne duwatsun gabas, waɗanda suke karɓar jan hasken su mayar wa ido, bayan kwarurukan da ke ƙasansu sun riga sun shiga duhu. Saboda wannan tsabtar iska ce tun cikin shekarun 1990 aka kafa a kan tudun tashar auna iskar duniya, ɗaya daga cikin manyan tashoshin da hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya take dogara da su.

Akwai abubuwa biyu kuma da ɗalibin fiƙihu zai so ya ji. Na ɗaya, iska tana lanƙwasa haske, tana ɗaga rana da misalin faɗin ƙwallonta, don haka sa'ad da muke ganin gindinta ya taɓa ƙasa, a lissafi ta riga ta nutse. Na biyu, wanda ke bisa yana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. Shi ya sa a 2011 malaman Dubai suka ba da fatawa cewa mazauna saman benen Burj Khalifa su jinkirta buɗa baki da minti biyu zuwa uku. Kuma kada mu ɗauka binciken wannan al'amari daga Turai ya faro. A ƙarni na 11 wani alƙali a Andalus, Ibn Mu'azu al-Jayyani, ya yi amfani da tsawon lokacin shafaƙi ya lissafa tsayin iskar da ta lulluɓe duniya, ya samu kimanin kilomita 80. Jan shafaƙin da masu yawon buɗe ido suke ɗauka hoto, shi ne wanda ladaninmu yake jira ya ɓace kafin ya kira Lisha.

Masu ƙasa

Mutanen waɗannan duwatsu su ne Kel Ahaggar, wani reshe na mutanen da mu Hausawa muke kira Buzaye ko Azbinawa, harshensu kuwa Tamahak. Sarkinsu ana ce masa Amenokal. Al'ummarsu hawa-hawa ce: akwai masu sarauta da yaƙi, akwai makiyaya masu biyan haraji, akwai manoman dausayi, akwai kuma bayi, waɗanda da yawansu daga ƙasashen kudu aka kamo su ko aka sayo su. Makiyayar da ke kewaye da Asekrem ta wata ƙabila ce da ake kira Dag Ghali.

Waɗannan mutane ba baƙinmu ba ne. Ƙasarsu ba ta iya ciyar da su, saboda haka tun daga ƙarshen ƙarni na 19 ayarinsu yakan ɗebi gishiri a filin Amadror, ya gangaro da shi Damargu, arewa da Damagaram, ya musanya da gero. Wannan fatauci bai durƙushe ba sai cikin shekarun 1960, da sababbin ƙasashe suka tsaurara iyakokinsu. Baƙin rawanin nan mai walƙiya da Ba'azbine yake taƙama da shi ranar biki, a garin Kura ta ƙasar Kano ake saƙa shi, a rina, a buga. Watau geronmu da babanmu sun daɗe da sanin hanyar Ahaggar.

Suna da rubutunsu na Tifinag, wanda suke zanawa a jikin duwatsu da kan rairayi. Suna da waƙoƙi masu yawa, da gogen mata mai tsirkiya ɗaya da ake kira imzad, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2013. Babu dutse ko kwari ko rijiya a Atakor da ba su raɗa masa suna ba. Sai dai duk wannan ilimi a ka yake, daga baki zuwa kunne, ba a cikin littafi ba.

Da Faransawa suka so ratsa ƙasarsu da hanyar jirgin ƙasa, Kel Ahaggar suka hallaka ayarin Kanar Flatters a 1881, abin da ya tsayar da Faransa shekara ashirin. Amma ranar 7 ga Mayu, 1902, a wani wuri da ake kira Tit, takobi da mashi suka gamu da bindiga mai aman harsashi, aka kashe musu kusan mutum 100. A 1904 Musa ag Amastan ya tafi In Salah ya yi sulhu da Faransawa, su kuma suka tabbatar masa da sarauta.

Baƙon da ya yi wata biyar

A bayan wannan sulhu ne, cikin Agusta 1905, wani limamin Kirista Bafaranshe ya sauka a Tamanrasat, wadda a lokacin ba ta wuce gida ashirin ba. Sunansa Charles de Foucauld, ana furta shi Fuko. An haife shi a 1858 cikin gidan dukiya, ya yi aikin soja, ya yi sharholiya har ya ƙarar da yawancin gadonsa. A 1883 zuwa 1884 ya zaga Maroko a ɓoye cikin shigar malamin Yahudawa, yana auna ƙasa yana zana taswira. Shi da kansa ya faɗa cewa ganin yadda Musulmi suke ibada ne ya fara girgiza zuciyarsa, sai dai addinin iyayensa ya koma wa a 1886, aka naɗa shi limami a 1901.

A Tamanrasat ya duƙufa kan harshen Tamahak. Da fari mai tsanani ya auku a 1907, ya rabar da abincinsa, shi kansa ya kwanta ciwo har ya fid da rai a farkon 1908. Makiyayan nan da ba su da komai su suka bi rugage suna neman awakin da ke da sauran nono, suka yi jinyarsa har ya tashi. A 1910 ya sa aka fara gina masa ɗakin halwa na dutse a kan Asekrem, domin yana ganin nan ne tsakiyar ƙasar, inda zai riƙa gamuwa da makiyaya masu bi ta mashigin. Ya hau a Yuli 1911 tare da Ba Hammu, magatakardan Musa ag Amastan, wanda shi ne babban malaminsa na harshe. Sanyi da ƙarancin abinci da gajiya suka sauko da shi a Disamba. Daga nan bai sake zama a can ba sai gajerun ziyarce-ziyarce.

Abin da ya bari ba ƙarami ba ne. Ƙamus ɗinsa na Tamahak da Faransanci, wanda aka buga cikin juzu'i huɗu a 1951 da 1952, ya haura shafi 2,000. Ya tattara baitocin waƙa kusan 6,000, aka buga su a 1925 da 1930. Ya kuma yi wani ƙamus na sunayen wurare da na mutane, wanda ya fito a 1940. Har yau duk mai nazarin wannan harshe sai ya bi ta kansu.

Amma adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Fuko abokin Laperrine ne, hafsan da ya shimfiɗa mulkin Faransa a Sahara, kuma wasiƙunsa sun nuna yana ba hafsoshi labarin ƙasa da shawarar yadda za a mallake ta. Ya yi tir da cinikin bayi da hukumar Faransa ta kau da kai a kansa, amma bai taɓa shakkar cewa mulkin Faransa alheri ne ga mutanen ba. Burinsa su karɓi addininsa, ko da yake har ya mutu babu Ba'azbine ko ɗaya da ya bi shi. Ranar 1 ga Disamba, 1916, wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka kama shi a ƙofar ganuwar da ya gina a Tamanrasat, wadda akwai bindigogi a cikinta. Niyyarsu su tafi da shi, amma da wasu sojoji biyu suka ɓullo, yaron da aka bar wa tsaronsa ya firgita ya harbe shi. Cikin watan nan ne kuma Kawusan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, wadda ba a karya ba sai Maris 1917. Guguwa ɗaya ce ta kaɗa daga Ahaggar har Azbin.

A tsakiyar shekarun 1950 wasu mabiya tafarkinsa suka gyara ɗakin halwar, suka zauna a wurin suna auna ruwan sama suna karɓar baƙi. A 2005 cocin Katolika ta ɗaukaka matsayinsa, ranar 15 ga Mayu, 2022 kuma Fafaroma Francis ya sa shi cikin waliyyanta. Ta haka littattafan jagoran matafiya suka mai da Asekrem dutsen Fuko. Sunan Ba Hammu, da na matan da suka rera masa waƙoƙin da ya rubuta, sai masana kaɗai suka san su.

Abin da ba ya fitowa a hoto

Jama'a, hoto yana da gefe huɗu, abin da ke waje da su kuwa ba ya shiga. Bari in kawo abubuwa uku da ke kewaye da wannan mashigi waɗanda mai kallon faɗuwar rana ba zai gani ba.

Na farko, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasat akwai wani wuri da ake kira In Ekker. A cikin wani dutse na wurin Faransa ta yi gwajin bam na nukiliya sau 13 daga 1961 zuwa 1966, watau har bayan Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla. Ranar 1 ga Mayu, 1962, toshiyar ramin ta ɓalle, gajimare mai guba ya fito ya bi ta kan sojoji da ma'aikata da ministocin Faransa biyu, ya wuce ta kan makiyaya. Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, amma Aljeriyawan da suka amfana da ita 'yan ƙalilan ne ƙwarai.

Na biyu, abincin da ya dogara da zuwan baƙo ba shi da tabbas. Da fataucin gishiri ya mutu, 'ya'yan madugai da yawa suka koma direbobi da 'yan jagora da masu dafa wa baƙi abinci. A 1987 gwamnatin Aljeriya ta mai da Ahaggar gandun ƙasa, mai faɗin da ya kai kusan rabin Nijeriya. Sai rikicin cikin gida na shekarun 1990 ya kori baƙi. Suna fara dawowa ke nan, a 2003 'yan bindiga suka sace Turawa 32 a hamadar kudancin ƙasar, ba a sako na ƙarshensu ba sai a Mali cikin watan Agusta. Rana ba ta fasa faɗuwa a Asekrem ba, amma gidajen da ke ci daga kallonta sun sha kwana da yunwa.

Na uku ya fi kusa da mu. Tamanrasat da ta fara da gida ashirin, mutanenta sun haura 90,000 a ƙidayar 2008, kuma cikin masu nufarta akwai Hausawa masu neman abin sawa a baka. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance na ƙasar Damagaram suka fito, Tamanrasat kuma suka nufa. Waɗanda suka isa ma ba su tsira ba, domin hukumomin Aljeriya sun yi ta kwaso baƙin haure suna saukewa a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 a ƙafa zuwa Asamaka, har a 2018 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira da a daina. Da jikokin waɗanda suka sayar wa Kel Ahaggar gero ake yin wannan. Ranar da wani ya biya kuɗin jirgi domin ya ga faɗuwarta, ita ce wani yake roƙon Allah ta faɗi ko ya sami sauƙin ƙuna.

Kammalawa

Ban kawo waɗannan abubuwa domin in rage wa wurin kyau ba, ko in ce masu zuwa kallo sun yi laifi. Tsayawa a dubi halittar Allah a yi tunani abu ne da addininmu ya kwaɗaitar da mu a kansa, kuma wanda ya sami hali ya je Asekrem bai yi asarar kuɗinsa ba. Abin da nake cewa shi ne wuri yana da labari fiye da ɗaya, wanda aka rubuta kuwa shi yake danne saura.

Mu ma mun ɗanɗana wannan. Ko da yake muna da malamai da ajami da tarihin sarakuna tun kafin zuwan Turawa, babban ƙamus ɗin Hausa da har yau muke komawa gare shi na Bargery ne, wanda aka buga a 1934, shi ma ɗan mishan ne ya zo ƙasar nan. Malaman da suka zauna da shi suna ba shi kalmomi da ma'anoninsu, mu nawa ne a zauren nan za mu iya kawo sunan ko da ɗaya daga cikinsu?

Saboda haka, ku ɗalibai, kowannenku ya fito daga wani gari mai dutse ko kogi ko kufai ko tsohuwar hanyar fatake. Akwai tsoho ko tsohuwa a garin da ya san sunan kowane lungu da dalilin sunan. Ku je da takarda da alƙalami da na'urar ɗaukar magana tun suna raye, ku rubuta da harshensu, ku sa sunansu a shafin farko, da ranar da kuka zauna da su. Aikin da Fuko ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi a baƙon harshe, ku a harshen uwa za ku yi shi.

Ku kuma ma'aikata, wata rana fayil zai zo teburinku a kan mai da wani wuri gandun gwamnati ko wurin yawon buɗe ido. Kafin ku sa hannu, ku tambaya su wa ke kiwo da noma a wurin, ina za su koma, nawa ne zai shiga hannunsu daga kuɗin ƙofa, me za su ci shekarar da baƙi ba su zo ba, sunan wa kuma za a rubuta a allon da za a kafa. Idan fayil ɗin bai amsa waɗannan ba, ku mayar da shi a cika.

A nan zan dasa aya.